Wasiƙa Zuwa Gambari, Ilori, Kan Karatun 'Yarka

Gurbin Bore, Zurmi

Aminina,

Ya iyali, ya kasuwa, ya zaman Ilori? Mu nan alhamdu lillahi, wake ya shiga rumbu. Hanya kuwa ka san halin da ake ciki, sai addu'a.

Maganar 'yarka ce ta sa na ɗauki biro. Ta kafe ita injiniyancin kayan asibiti za ta karanta, wato masu ƙera na'urorin da likita ke aiki da su, su kuma gyara su. Na san mafarin abin. Lokacin jinyar Inna, a wani asibiti da ba sai na kama suna ba, ita ce ta kwana uku tana kallon na'urar iskar numfashi a jingine, ƙura ta rufe ta, wai babu mai gyara. Tun daga ranar ba ta da wani zance.

'Yan uwa sun ce mata ga Foli a Ƙaura, ga jami'ar tarayya a Gusau tun 2013, me za a je nema a uwa duniya? Ni ban raina na gida ba, amma kwas ɗin nan ba ko'ina ake yinsa ba. Malaminsu na fizis ya ambata mana Ilori da Legas. Ya ce kuma akwai Zariya, in ta yarda ta fara da injiniyancin lantarki, daga baya ta karkata. Ka san ABU ba kanwar lasa ba ce. A cibiyarta ta Samaru aka fitar da waken nan SAMPEA 20-T a 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta cinsa. Sai ta ce ita asibiti take so, ba gona ba.

Hankalina ya fi kwanciya da Ilori, don kana can. Sai dai jami'ar tana cikin waɗanda ɗalibai suka fi rububi a duk ƙasar nan, irinsu kuwa ba kasafai suke waiwayar wanda ya sa su zaɓi na biyu ba. Jarabawar JAMB maki 400 ce, Turanci da lissafi da fizis da kemistiri, bayanta ga tantancewar jami'a. Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa, a jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin kewaye, 20 na jihohin da ke baya a boko, Zamfara kuma tana ciki. Na dai hana ta jingina da wannan.

To ga alfarmar da nake nema. Don Allah ka ɓata yini guda ka shiga makarantar da ƙafarka. Kada ka tsaya a ofis, ka samu yaran da ke aji huɗu. Na'urorin ɗakin gwaji suna aiki, ko a allo ake zana musu? Ina ake tura su koyon aiki na wata shida? Hukumar injiniyoyi ta COREN ta amince da kwas ɗin? Shekara 5 ba wasa ba, ba na son ta dawo da takarda alhali ba ta taɓa kwance na'ura ba. Ka duba mini ɗakin kwanan 'yan mata da kuɗinsa, uwarta wannan ne kaɗai ke hana ta barci.

Ka kira ni kafin a buɗe sayar da fom. In ba ka same ni ba, sabis ne, ka bar saƙo. A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Amininka