Neman Aure Ya Zaunar Da Mu A Badarawa

Mu Kanawa muna da wata ɗabi'a wadda ba mu cika son a faɗa mana ba, watau auna kowane gari da ganuwarsa da yawan shekarunsa. Garin da ba shi da ƙofa mai suna, ba shi da kushewar magabata, a wurinmu zango ne kurum. Da wannan mudu muka daɗe muna auna Kaduna. Fiye da shekara ashirin muna ratsa ta da kaya, mu sha mai a Kawo, mu yi salla, mu wuce.

Abin da ya zaunar da mu cikinta kwana uku a kakar bara kuwa ba ciniki ba ne. Shekara biyu ke nan da Allah ya yi wa uwargidanmu rasuwa, ta bar mana 'ya'ya huɗu. Wata ƙanwarmu mai aure a Malali ta yi mana kwatancen wata malamar makaranta a Badarawa, bazawara, har aka yi wata biyu ana gaisawa ta waya. Shari'a kuwa ta yarje wa mai neman aure ya ga wadda yake nema, Manzon Allah (S.A.W.) ma ya umurci Mugira ɗan Shu'uba da yin haka. Sai muka shirya tare da baffanmu, wanda ya yarda ya zo ne don ya hana. Cewa ya yi 'yar Kaduna ba ta da asalin da za a bincika.

Mun tashi ranar Alhamis, ƙarshen watan Oktoba. Mun baro ciyawar Kano ta soma bushewa, amma da muka wuce Zariya sai ga ƙasa shar, dawa ta sunkuyar da kai, ga rake da gyaɗa da sabuwar doya an jibge a bakin hanya. Ruwa ya ɗauke, hazo bai sauka ba tukuna. Wanda bai ga Kaduna a wannan ɗan tsakani ba bai ga kyanta ba.

Gaskiyar baffa ɗaya ce, garin yaro ne. Ƙasar Gwari ce, sunan kuma daga kaddunan kogin ya samo asali. Sai cikin 1917 Turawa suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan, ta zauna babban birnin Jihar Arewa har 1967. Aikin gwamnati da soja da reluwe suka jawo mutane, masaƙar Kakuri da aka buɗe cikin 1957 ta ƙara jawo wasu. Badarawa, wadda ke arewa da kogi, maƙwabtaka da Kwaru da Unguwar Dosa da Malali, cike take da irin waɗannan mutane da jikokinsu.

Bayan sallar la'asar baffa ya tare limamin masallacin layin, ya fara bincike irin namu na Kano. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wane ne kakan yarinyar nan? Ina gidansu na asali?"

Liman ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, nan ba mu san kakan kowa ba. Ubanta Bakatsine ne, akawu ya zo. Na damansa Banufe ne, na hagunsa Babarbare, mai kantin can Bayaraben Ilori. Abin da muka sani shi ne shekara arba'in yana sahun farko, ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba. Ran da gari ya rikice kuwa, a ɗakin matarsa ya ɓoye maƙwabtansa Kirista har soja suka zo suka fitar da su."

Rikicin watan Fabrairu na 2000 yake nufi, wanda ya ci rayuka masu yawa. Tun daga lokacin kogin ya zama kamar iyaka, galibin Musulmi suka tattaru a arewa, galibin Kirista suka koma kudu. Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, wannan tabo yana nan, tsofaffin unguwar kuma da baƙin ciki suke ambaton maƙwabtan da suka tashi. Baffa dai bai ce uffan ba har muka koma masauki.

Washegari muka yi Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, wanda aka gina cikin 1962, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a wannan gari. Nan ne marigayi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya yi shekaru yana tafsiri, Rediyon Kaduna tana kai muryarsa ko'ina cikin Arewa. Baffa ya tsufa yana jin wannan karatu a akwatin rediyo, amma bai taɓa taka wurin ba sai ran nan. Daga nan muka leƙa Gidan Arewa, watau gidan Sardauna Ahmadu Bello inda aka kashe shi ran 15 ga Janairu, 1966, wanda aka mayar cibiyar binciken tarihi cikin 1970. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami a adane. Wani abin kunya gare mu kuma, fayilolin mulkin Lardin Kano na zamanin Turawa ma a ma'adanar takardun gwamnati ta Kaduna suke. Garin da muke cewa ba shi da tarihi, shi ke riƙe mana namu.

Ita kuwa malamar, da daddare muka gana da ita a zauren gidansu, ƙaninta na zaune gefe. Ba ta tambaye mu yawan shagunanmu ba. Sunayen yaran ta tambaya ɗaya bayan ɗaya, da inda kowannensu ya tsaya a allo. Sa'an nan ta ce, "Alhaji, sharaɗina ɗaya ne, ba zan bar koyarwa ba." Muka ce sai mun yi shawara, alhali kuwa zuciya ta riga ta amsa.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga gaida mahaifinta, niyyarmu sallama kawai. Ba mu ankara ba sai muka ji baffa ya gyara murya ya ce, "Malam, mun zo neman iri ne a gidan nan." Tsohon ya ce sai ya aika Katsina wurin wansa, domin shi ne waliyyi da ya wakilta a kan auren 'ya'yansa duka. Baffa ya waiwayo ya dube mu, ya ce ashe akwai asalin.

Amsa ta zo bayan mako biyu, aka sa rana cikin watan Sha'aban. A hanyarmu ta komawa ran nan baffa ya sa aka tsaya bayan Kawo, ya sayi doya ƙwarya guda, ya yi ta ciniki da mai ita har rana ta take.