Sassautawa da Kwancewa

Daga Tamanrasset, da ke gindin duwatsun Ahaggar a kudancin Aljeriya, zuwa In Gezzam ta bakin iyakar Nijar, tafiyar kimanin kilomita 400 ce. Manyan motocin da ke bin wannan hanya su zarce Assamaka da Arlit da Agadas ba abin da ke shan wahala a jikinsu kamar sifirin, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa ya miƙe wanda ke ɗauke da nauyin kaya. Shi ya sa gyaransa ya zama abincin makanikai da dama, cikinsu har da Hausawan Nijar.

Akwai wani dattijo mutumin Damagaram da ya daɗe yana wannan sana'a a garin. Yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Sauran biyun sun tafi ne ranar da ya cire notin da ke haɗe da faifan sifirin bai matse su da maɗauri ba. Ƙarfen da aka danne yana ajiye ƙarfinsa ne, ba ya zubar da shi. Da ya sami kafa sai ya amayar da shi gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsoro shi ne tukunyar birkin iska. A cikinta akwai naɗaɗɗen sifirin mai ƙarfin da ya kusan nauyin tan guda. Ba ya barin kowa ya taɓa ta sai an sa wa tayoyi waigi, an kuma ɗaure sifirin ɗin da ƙusarsa ta musamman. In ta yi tsatsa, ba ya buɗe ta. Sabuwa yake sawa.

Wata rana yaronsa ya ce, "Maigida, in kwance?"

Ya ce, "A'a, yaro. Sassauta tukuna, kuma kawar da fuskarka daga saitinsa."

Ɗalibin Hausa ya lura da waɗannan aikatau biyu. Kwancewa ita ce raba abu da ɗaurinsa ɗungurungum. Sassautawa kuwa rage ɗauri ne kaɗan-kaɗan, noti bayan noti, abin yana nan a riƙe har ƙarfinsa ya ƙare. A aji, wanda ya musanya su maki zai rasa. A gareji, yana iya rasa ido, ko hannu, ko ransa. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.