Tsohon Akawu da Kifayensa

Akwai wani tsohon akawu wanda, tun da ya bar aiki, ba abin da ke ɗebe masa kewa kamar waɗansu jajayen kifaye shida da yake kiwo cikin akwatin gilashi a zaurensa. Irin kifayen nan asalinsu ƙasar Sin ne, inda aka fi shekara 1,000 ana kiwonsu. Jikarsa ke ba su abinci kowace safiya, har ta raɗa wa kowannensu suna.

Da kifayen suka girma, akwatin mai cin lita 40 ya yi musu kaɗan, sai ya sayo mai cin lita 150. Shi kuwa mutum ne mai son tsabta. Ya zuba sabuwar tsakuwa, ya cika akwatin da ruwan famfo garau, nan take ya kamo uku ya saka. Kafin gari ya waye biyu sun mutu, ɗayan yana ta haki a saman ruwa. Yarinya ta yi ta kuka, ta ƙi cin abinci.

Tsoho ya tafi wurin wani saurayi ma'aikacin sashen kifi, ya kwashe labari ya gaya masa. Saurayin ya ce, "Baba, ruwan da ya fi kyan gani ba lalle ne ya fi wa kifi lafiya ba. Ruwan famfo akwai kulorin a ciki, maganin da ake sawa don kashe ƙwayoyin cuta. Mutum ya sha lafiya, amma ga kifi dafi ne. Ban da wannan, kashin kifi yana fid da wata guba, amoniya. A jikin tsohuwar tsakuwa akwai waɗansu ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu, su ke karya ƙarfin gubar. A sabon akwati sai sun yi mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita."

Tsoho ya ce, "Ashe abin da na ɗauka dauɗa ne, shi ke riƙe da ransu!"

Ya komo gida ya sāke shiri. Ya ɗiga wa ruwan maganin kulorin, ya bar shi ya kwana. Ya kwaso tsohuwar tsakuwa da danshinta, bai bari sabulu ya taɓa ta ba, ya zuba a sabon akwati tare da tsohon ruwan. Sa'an nan ya sa kifayen a kwano, ya ɗora bisa ruwan misalin minti 20, yana ƙara musu sabon ruwan kaɗan-kaɗan, don kada sanyi ko ɗumi ya zo musu farat ɗaya. Daga nan ya sake su. Makonnin farko ya rage musu abinci, gama yawan ci shi ke kawo yawan kashi.

Tun daga ran nan bai ƙara zubar da ruwan duka ba. Kowace Asabar yakan ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu, ya shayar da shukokin tsakar gida, ya mai da wanda ya kwana da magani. Jikar ce ke riƙe bokiti. In ta ƙosa, ta ce a juye duka a huta, sai ya nuna mata kifayen nan huɗu da suka rage, ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa, 'yar nan. Gaggawar kakanki ce ta ci biyu."