Bolda: Garin Da Masu Ciwon Baya Suka Daina Tsoron Sunkuyawa

Matafiyin da ya bar Denba, babban birnin Jihar Kolorado ta ƙasar Amurka, ya nufi arewa maso yamma, kafin ya cika mil 25 hanya za ta hau da shi wani tudu. Daga kan tudun nan ne zai fara tsinkayar garin Bolda kwance cikin kwari, jajayen rufin gine-ginen jami'a sun yi rukuni a tsakiya, daga bayansu kuma manyan duwatsun Roki sun tokare sama. Abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne waɗansu fala-falan duwatsu guda biyar, ja-ja, waɗanda suka jingina da gefen tsauni. Mutanen garin sun raɗa musu suna da Turanci mai ma'anar dutsen guga, domin kuwa kamannin ke nan.

Garin ba shi da girman a zo a gani. A ƙidayar 1 ga Afrilun 2020 mutanensa sun ɗara 108,000 da kaɗan. Amma yana bisa tudu ƙwarai, ƙafa 5,430 daga doron teku, watau ya fi Jos tsawo da ƙafa dubu da ɗoriya. Saboda haka baƙon da ya iso yau, in ya hau matakalar bene sai ya ji yana haki, iskar kuwa busasshiya ce kamar ta hunturu.

ASALIN GARIN

Kafin zuwan Turawa, ƙabilar Arafaho ce ke cin sanyi a gindin duwatsun. Masu neman zinariya suka yada zango a 1858, suka yanka filayen gari a 1859. An kafa Jami'ar Kolorado a nan cikin 1876, shekarar da Kolorado ta zama jiha. A 1898 kuma waɗansu malaman makaranta daga Jihar Tekzas suka haɗa kai da mutanen garin aka gina wurin hutu da karatu a gindin fala-falan duwatsun nan, ana kiransa Shatakwa, kuma daga nan ne hanyoyin hawan dutse da yawa suka tashi.

Mutanen Bolda suna da kishin filin garinsu. A 1967 suka jefa ƙuri'a suka ɗora wa kansu haraji domin a sayi dajin da ke kewaye da su a hana gini a ciki, yanzu filin ya wuce eka 45,000. A 1971 suka ƙayyade tsawon sababbin gine-gine, kada ya wuce ƙafa 55, don kada bene ya kare wa kowa ganin duwatsu. A 1977 suka rufe wani sashe na babban titin kasuwarsu, suka hana motoci shiga, sai masu tafiya ƙasa. Tun daga 1979 kuwa suke yin tseren kilomita 10 a ƙarshen watan Mayu, dubban mutane ke shiga, yaro da tsoho. Ko ina mutum ya duba da sassafe, a bakin rafin da ya ratsa gari ko a kan hanyar dutse, zai ga masu gudu da masu keke.

Bayan wannan, Bolda gari ne na masu awo. Akwai ma'aikatar awo ta gwamnatin Amurka a kudancin garin, inda ake ajiye da agogon atam da ake daidaita lokacin ƙasar da shi. A jami'ar kuma, wani masanin ƙwaƙwalwa, Farfesa Tor Wager, ya yi shekaru yana neman hanyar auna abin da ya fi lokaci wuyar aunawa, watau zafin ciwo. A 2013 shi da abokan aikinsa suka bayyana irin alamar da zafi ke bari a hoton ƙwaƙwalwa. Daga wannan ɗakin bincike ne labarin da ya shafi mai karatu ya fito.

CIWON DA BA A GANIN SABABINSA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu da gindin baya, kuma babu wata larura da ta kai shi nakasa mutane a duniya. Abin mamaki shi ne, a wajen kashi 90 daga cikin ɗari na masu wannan ciwo, likita ba ya iya nuna takamaiman rauni ko cuta ya ce ga sababin. Ko hoton ƙashi ma ba koyaushe yake raba gardama ba. A wani bincike da aka buga a 1994, an ɗauki hoton bayan mutum 98 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka tarar kashi 64 cikin ɗari suna da wata tawaya a faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya. Ashe yawancin abin da ake gani a hoto kamar furfura yake, alamar shekaru ce.

Tun da daɗewa wani likita a birnin Niyok, Dokta John Sarno, wanda ya rasu a 2017, yake cewa damuwa da fushin da aka danne a zuci su ne ke haddasa yawancin ciwon baya mai daɗewa. Littafinsa na 1991 ya sami karɓuwa wurin marasa lafiya, amma yawancin likitoci ba su yarda da bayaninsa ba, domin ba a gwada shi bisa ƙa'idar bincike ba.

Abin da masana suka tabbatar daga baya shi ne, ƙwaƙwalwa ce ke yanke hukuncin zafi. Jijiyoyi suna kai mata saƙo, ita kuma ta auna ko akwai haɗari. Mujallar likitocin Birtaniya ta ba da labari a 1995 na wani magini ɗan shekara 29 da ya dira kan ƙusa mai tsawon inci 6, ta huda takalminsa ta ɓullo ta sama. An kai shi asibiti cikin azaba, sai da aka yi masa allura mai ƙarfi sannan aka iya taɓa shi. Da aka cire takalmin, sai aka ga ƙusar ta bi ta tsakanin yatsu, ko ƙwarzane babu. Zafin da ya ji na gaske ne, ƙwaƙwalwarsa ce ta ga haɗari ta kaɗa ƙararrawa.

Haka abin yake kasancewa ga waɗansu masu ciwon baya. Mutum ya ɗauki buhu ya ji targaɗe, cikin makonni naman ya warke, amma tsoro ya zauna. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ƙwaƙwalwa takan zama kamar mai gadin da ɓarayi suka taɓa shammata, wanda daga ranar ko kyanwa ta gifta sai ya busa usur. Mutum ya daina sunkuyawa, ya daina doguwar tafiya, kullum hankalinsa na kan bayansa, tsoro na ƙara zafi, zafi na ƙara tsoro.

GWAJIN BOLDA

Tsakanin 2017 da 2018 wani almajirin Farfesa Wager, Yoni Ashar, ya shugabanci gwajin wannan magana. An tara mutum 151 daga Bolda da kewaye, masu shekara 21 zuwa 70, waɗanda a matsakaici sun shekara 10 suna fama da ciwon baya. Aka raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko, mutum 50, aka koya musu wata dabara da wani mai ba da shawara daga Los Anjalis, Alan Gordon, ya tsara. Kashi na biyu, mutum 51, aka yi musu allurar ruwan gishiri a baya, tare da gaya musu gaskiya cewa babu magani a ciki. Kashi na uku, mutum 50, aka bar su da irin jiyyar da suka saba.

Ga yadda aka yi da kashin farko. Da fari likita, Dokta Howard Schubiner, ya tattauna da kowannensu, ya duba tarihin ciwonsa. Sannan aka yi zama takwas, kowanne na awa guda, cikin mako huɗu. A zaman nan ana taimaka wa mutum ya tattara shaida daga rayuwarsa: shin ciwon yana sauya wuri? Yana tashi ranar da aka ɓata masa rai, ya lafa ranar biki? Yana zuwa in ya zauna a kujerar ofis, amma ba ya zuwa in ya zauna hira? Raunin ƙashi ba ya zaɓen rana haka. Daga nan sai a sa shi ya yi ainihin motsin da yake tsoro, ko zama, ko sunkuyawa, sannu-sannu, yana lura da abin da yake ji cikin natsuwa, yana tuna wa kansa cewa bayansa lafiya lau yake. Ana kuma tattauna abubuwan da ke damunsa a gida da wurin aiki.

An buga sakamakon a watan Satumba na 2021. Daga cikin mutum 50 na kashin farko, 33, watau kashi 66 cikin ɗari, sun rabu da ciwon ko kuwa saura ɗan abin da ba a rasa ba. A cikin waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri kashi 20 ne suka sami haka, a cikin masu jiyyar yau da kullum kuwa kashi 10. Bayan shekara guda aka sake bin sawunsu, aka tarar fiye da rabin mutanen kashin farko suna nan garau. Hotunan ƙwaƙwalwarsu kuma sun nuna sassan da ke auna haɗari sun rage zabura in an motsa bayan.

A YI HATTARA

To, amma fa kada mai karatu ya ɗauka an sami maganin kowane ciwon baya. Mutanen da aka gwada ciwonsu matsakaici ne, wajen 4 bisa 10 a ma'aunin zafi. Ba a ɗauki waɗanda zafin ƙafarsu ya fi na baya ba, domin wannan kan nuna jijiya ce ta matsu. Kuma mutanen Bolda, kamar yadda aka gani, yawancinsu masu ilmi ne da sabon motsa jiki, ga shi ƙwararru ne suka koyar da su, har da mai dabarar da kansa. Mutum 17 daga cikin 50 ɗin nan ma ba su kai ga cikakkiyar waraka ba.

A ƙasarmu kuwa akwai ƙarin dalilin yin hattara, domin tarin fuka yakan kama ƙashin baya, masu ciwon sikila suna samun ciwon ƙashi, ga kuma haɗarin mota da na babur. Duk wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko gumin dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko kuwa ya biyo bayan faɗuwa, to, ya garzaya asibiti, kada ya tsaya jinkiri. Asibitocin ƙashi na Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da na Inugu, da sassan ƙashi na asibitocin koyarwa, domin irin wannan aka gina su.

Amma akwai dubban jama'a, direbobi da teloli, manoma da ma'aikatan ofis, da matan da ke wuni duƙe kan wanki da girki, waɗanda likita ya duba ya ce bai ga wani abin tsoro ba, duk da haka sun shekara suna haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi daga kantin magani. Irin su diklofenak in an daɗe ana sha suna ɓata ciki da ƙoda, taramol kuwa kama mutum yake yi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2023 kan ciwon baya mai daɗewa ta ba da ƙarfi ga wayar da kan mara lafiya, da motsa jiki, da shawarar masana halayyar ɗan Adam, ta kuma hana dogara ga ƙwayoyi masu sa maye.

Ga irin waɗannan mutane ne labarin Bolda yake da amfani. In likita ya tabbatar baya lafiya yake, sai mutum ya yarda da maganarsa, ya daina kallon bayansa kamar tsohuwar tukunya mai jiran fashewa. Ya koma tafiyar ƙasa, yau zuwa bakin layi, gobe zuwa kasuwa. Ya riƙa lura da ranakun da ciwon ke tashi da abin da ya faru a ranakun, ya faɗa wa likita ko ma'aikacin sashen gashi. In zafin ya motsa yayin da ya sunkuya, ya dakata, ya ja numfashi, ya sake gwadawa a hankali. Babu dutsen Roki a Sakkwato ko Ibadan, amma hanyar da za a taka tana ƙofar gidan kowa.