Hannu ko Na'ura: Abin da Na Gani a Wuyan Mahaifina

Jama'a, ni ɗalibin Hausa ne, ban san kome game da likitanci ba sai da ciwon ƙoda ya kwantar da mahaifina a hutun bara. Likita ya ce sai an yi masa wankin ƙoda, kuma kafin nan dole a sa masa siririn tiyo a cikin babbar jijiyar wuya. A nan na fara ganin ƙarancin kalmarmu, don mu kome jijiya ne. Su kuwa likitoci sun raba: akwai mai mayar da jini zuwa zuciya, akwai mai fito da shi da ƙarfi, tana bugawa. A wuya, su biyun maƙwabta ne, ga su nan kafaɗa da kafaɗa, su ne jannayen da mahauta suka sani. Ta farkon ake nema, ta biyun ake gudu.

Ranar farko da hannu aka nema. Wani matashin likita ya ce, "Baba, a juya kai hagu." Ya lalubi ɗan kwarin da ke tsakanin rassan naman wuya biyu, daidai saman ƙashin da ya gitta ƙirji, ya ji inda jini ke bugawa, ya kauce masa kaɗan, ya soka allura. Bai samu ba. Ya sake. A karo na uku sai jini ja wur ya yi tsalle cikin sirinji, watau ya taɓa mai bugawar. Ya zare, ya danne wurin da auduga tsawon lokaci, wuyan ya kumbura kamar an cusa ƙwai. Ban ga laifinsa ba, don gumi yake yi fiye da ni. Daga baya na ji cewa jijiyar ba wuri ɗaya take kwanciya a jikin kowa ba, kuma allura in ta zarce ƙasa tana iya huda huhu.

Kashegari aka gungaro na'urar nan ta sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Wata likita ta ɗora kanta a wuyan Baba, sai ga ramuka biyu baƙaƙe a allo. Ta danna kaɗan, ɗaya ya lotsa, ɗaya ya ƙi, yana ta bugawa. Ta ce mini, "Ka ga wanda ya lotsa? Shi muke so." Suka ɗaya ta yi. Ta zura siririyar waya ta cikin allurar, ta zare allurar, ta bi wayar da tiyo. Wannan dabarar waya wani likitan Suwidin ne, Seldinger, ya fito da ita a 1953. Tun 2002 kuma hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a riƙa amfani da na'urar wajen wannan aiki a wuya.

To, na fito ina cika baki cewa lalube ya zama tsohon yayi. Likitar ta yi murmushi, ta ce ranar da aka kawo mutum cikin dare jini na zuba, na'urar tana wani ɗakin ko babu wuta, da me zan so ta nemo jijiyar? Ita ma, in ji ta, da hannu ta koya, kuma har yanzu sai ta laluba kafin ta kalli allo. Na yi shiru. Amma fa in an sake kwantar da Baba, zan tambaya ko na'urar tana kusa kafin a taɓa wuyansa.