Gidan Kwamfuta A Ƙurewar Kudancin Duniya

A can ƙurewar kudancin duniya, cikin nahiyar Antatika, akwai wani sansanin masu bincike na Amurka da ake kira Amundsen-Scott. Wuri ne da ba ciyawa ba itace, sai ƙanƙara shimfiɗe iyakar ganin ido, bisa tudun da ya kai mita 2,835. Wata shida rana ba ta faɗuwa, wata shida kuma ba ta fitowa.

A nan ne aka kammala ginin IceCube cikin watan Disamba na 2010, bisa jagorancin Jami'ar Wiskonsin. An huda ramuka 86 da ruwan zafi, aka zura na'urori 5,160 har zurfin mita 2,450, sa'an nan ruwan ya sake daskarewa a kansu. Aikinsu farautar nutirino, watau wata 'yar ƙwaya da ta fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, mai ratsa duniya kamar ba ta nan. In ta yi karo da ƙanƙara, sai a ga ɗan ƙyalli shuɗi.

To, jama'a, a nan gizo ke saƙar. A kowace daƙiƙa na'urorin na ganin ƙyalli fiye da 2,000, kuma kusan duka ba na abin da ake nema ba ne. Bayanan da ke taruwa a rana sukan kai terabayit guda, alhali kuwa taurarin ɗan Adam da sansanin ke dogaro da su wajen aika kaya mai nauyi ba sa leƙowa sai na 'yan sa'o'i. Kimanin kashi ɗaya cikin goma kaɗai ake iya aikawa. Saboda haka tilas kwamfutocin wurin su yi shiƙa nan take, su raba tsaba da ƙaiƙayi. Sauran sai a adana a faifai, har lokacin da jirgi zai samu sauka.

Mai karatu zai zaci sanyi gata ne ga kwamfuta. Ina! Iskar tudun ba ta da kauri, ba ta kwashe zafin inji sosai, ga ta kuma busasshiya ƙayau, har taɓa ƙarfe kan haifar da tartsatsin da ke lalata kaya. Daga Fabrairu zuwa wajen ƙarshen Oktoba zirga-zirgar jirage na tsayawa, mutum biyu kaɗai ake bari su kula da injunan. Na'urorin cikin ƙanƙara kuwa hannu ba zai sake taɓa su ba, sai dai a aika musu umarni ta waya.

Amfanin wannan ɗawainiya ya bayyana ran 22 ga Satumba, 2017. Kwamfutocin suka tsinci wata nutirino mai ƙarfin gaske, cikin minti guda labari ya isa ga masu nazarin taurari, suka juya na'urorinsu na hangen nesa, suka tarar da wani dandazon taurari mai suna TXS 0506+056 yana tsakiyar tumbatsar haske. Da shiƙar nan ta kuskure, da labarin ya kwanta watanni a faifai, sai bayan an ci kasuwa an watse.