Geron Da Na Ƙara Wa Akawal

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa doki ba kamar sauran dabbobin gida ba ne. Ana kiwon saniya don nono, rago don layya, jaki don kaya, amma shi doki ana ɗaure shi ne don mutunci. In mai karatu yana son shaida, to ya dubi sarautunmu kawai: ga Madawaki, ga Ubandawaki, ga Sarkin Dawaki, ga kuma Shamaki mai kula da barga. Ban san wata dabba da ta ba sarautunmu sunaye haka ba. To, amma duk da wannan girma da muke ba shi, ni dai na ga yadda doki ke mutuwa a hannun masu ƙaunarsa, kuma da hannuna a cikin abin. Labarin da nake so in bayar ke nan.

Ni mutumin Lafani ne, a ƙasar Illela ta Jihar Sakkwato, kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Nijar. Daga Illela in ka tsallaka iyaka sai Birnin Ƙwanni. Kasuwar Illela kuwa, wadda ke ci ran Lahadi, sananniya ce wajen cinikin dabbobi, ana koro su daga ƙetaren iyaka, fatake kuma su yi Kudu da su. A wannan kasuwa ne kakana ya sayi wani dukushi baƙi wuluk, ya raine shi har ya zama ingarma. Ba mu wahalar da kanmu wajen neman suna ba, sai muka riƙa kiransa da sunan launinsa, watau Akawal.

Kakana ba basarake ba ne, ba kuma attajiri ba. Manomi ne mai gero da wake, amma tun yana saurayi bai taɓa zama ba doki a turke ba. Shi ke yanko masa ciyawa da damina, shi ke tara masa harawa da kaka, shi ke cire masa kaska, yana yi yana yi masa magana kamar mutum. Da ƙarfinsa ya fara raguwa sai ya danƙa mini aikin ci da sha. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: harawa safe da yamma, dusa da 'yar kanwa, gero mudu ɗaya da dare, ruwa kuwa sau uku a yini, ba fashi.

A shekarar 2017 azumi ya faɗo cikin zafi, daga ƙarshen watan Mayu zuwa ƙarshen Yuni. Ina da shekara 14 a lokacin, kuma Kaka ya yi mini alkawari cewa ni zan hau Akawal zuwa idi ran Sallah. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Na duba dokin, sai na ga kamar ya rame, har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Na ce a raina ba zan hau ramammen doki tsarata su yi mini dariya ba. Saboda haka da azumi ya kai kwana 20 sai na shiga satar gero daga rumbu. Maimakon mudu ɗaya na mai da shi biyu, bayan kwana biyu na mai da shi uku. Wani abin kuma, azumi yana jigata ni, sai na riƙa tsallake ruwan tsakar rana, ina cewa ai ya sha da safe, zai kuma sha da yamma. Ban gaya wa kowa ba.

A rana ta biyar, wajen la'asar, na tarar Akawal bai taɓa harawarsa ba. Yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, gumi ya jiƙa masa wuya. Jim kaɗan sai ya kwanta ya yi birgima, ya tashi, ya sake kwantawa. Na sheƙa na kira Kaka. Da ya zo ya shafa cikin dokin, ya duba turke bai ga sabon kashi ba, sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, mi kab ba shi?"

Na ce, "Abin da ka ce in riƙa ba shi, Kaka."

Wannan ƙaryar ita ce ta fi satar geron muni, domin da na faɗi gaskiya a wannan lokaci da ya san girman abin da ke gabansa. Da yake bai sani ba, sai ya ɗauka irin ciwon cikin nan ne da ya sha gani yana wucewa. Ya sa aka jiƙa saƙe-saƙin maɗaci da kanwa, bayan an sha ruwa maƙwabta suka taru, aka ɗaga kan dokin sama aka yi masa ɗura da kwalba. Ya yi ta tari, rabin maganin ya dawo ta hanci. Wani ya ce a yi masa sakiya, wani ya ce a ƙara kanwa, wani kuma ya ce sammu ne. Wani ƙanen mahaifina ya ce a kira likitan dabbobi daga Illela, amma Kaka ya ce a bari a ga abin da dare zai yi. Muka kwana muna zagayawa da shi a ƙofar gida, in ya nemi kwantawa mu tashe shi.

Sai bayan sallar asuba aka buga wa likitan waya, ya iso a kan babur da hantsi. Bai yi gaggawar fito da allura ba. Ya fara ɗaga leɓen dokin ya duba dasashinsa, ya danna da yatsa. Ya sa abin sauraren ƙirji ya ƙirga bugun zuciya yana duban agogo, kana ya saurari cikin ta dama da hagu, ya daɗe yana saurare. Sa'an nan ya juya ga Kaka ya ce, "Baba, tun yaushe yaf fara, kuma mi yac ci?"

A nan ne na kasa daurewa, na fashe da kuka na faɗi komai a gaban jama'a. Kaka bai ce mini uffan ba. Likita ya yi wa dokin allurar kashe zafin ciwo, ya zura masa wani dogon tiyo na roba ta hanci har cikin tumbi, sai ga iska da ruwa mai tsami suna fitowa, da ɓarɓashin gero a ciki. Dokin ya ɗan sami sauƙi har muka fara murna, amma likita ya ja Kaka gefe ya gaya masa cewa hanjin ya riga ya daina motsi, dasashi ya canza launi, kuma abin da ya rage sai tiyata, wadda ba aikin da za a yi a gindin turke ba ce. Kafin azahar Akawal ya mutu. Sallah saura kwana biyar.

Abin da likitan nan ya bayyana mana kafin ya hau babur ɗinsa, da abin da na karanta daga baya, shi ne nake so ya isa kunnen duk mai doki. Cikin doki ba irin na saniya ba ne. Tumbinsa ƙarami ne in an kwatanta da girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 15 ba, alhali hanjinsa ya kusa mita 30, yana da lanƙwasa da wurare masu ƙunci. Allah ya halicce shi ne don ya riƙa cin ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. In aka tula masa hatsi farat ɗaya, hatsin yakan yi tsami a ciki, iska ta taru, cikin ya kumbura. Ga shi kuma doki ba ya iya amai, saboda haka abin da ya shiga ba shi da hanyar komowa. Ruwa kuwa, doki yana buƙatar lita 25 zuwa 40 a yini, da zafi ma fiye da haka, in ya rasa sai abinci ya bushe ya toshe hanji. Watau ni na haɗa masa masifa biyu a lokaci guda.

Haka kuma akwai alamun da mai doki zai iya dubawa da kansa. Zuciyar lafiyayyen doki tana bugawa kimanin sau 28 zuwa 44 a minti ɗaya in yana hutawa, in ta haura 60 to abin ya yi tsanani. Dasashinsa jaja-jaja ne mai damshi, in ya yi ja wur ko ya yi duhu, to babu sauran jira. In ka kara kunne a cikinsa ya kamata ka ji ƙugi, shirun ciki mugun labari ne. Ɗura da kwalba kuwa, musamman an ɗaga kai sama, tana da haɗari, domin maganin yana iya bi ta maƙogwaro ya faɗa huhu ya haifar da wani ciwon dabam.

Kada mai karatu ya zaci ina raina sanin magabata ne. Kakana ya fi ni sanin doki nesa ba kusa ba. Shi ya tsara ƙa'idar mudu ɗaya da ruwa sau uku, kuma likita da kansa ya ce ƙa'idar daidai take. Daga ganin turke ba kashi ya gane inda ciwon yake. Abin da ya rasa shi ne hanyar rarrabe ciwon cikin da ke wucewa da wanda ke kisa, domin a farkonsu kamanninsu ɗaya ne. Wannan kuwa sai da ƙirga bugun zuciya da sauraren hanji. Tsakanin la'asar da hantsi mun ɓatar da kusan awa 18, alhali Illela ba nisa gare ta ba.

Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa tsofaffinmu ba su saba kai doki ga likita ba. A ganina abin yana da tarihi. Aikin likitancin dabbobi na zamani a Arewa ya ginu ne bisa shanu. Tun da aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom a 1924, babban abin da aka fi yaƙa shi ne bushiya, wadda ke share garke guda, har aka kai ga bayyana kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Bafulatani ya daɗe da sanin ma'aikacin allurar shanu, amma mai doki ɗaya a ƙauye bai saba ganin wani ya zo dominsa ba, sai ya ci gaba da dogara ga maɗaci da kanwa. Yau kuwa akwai tsangayar koyon likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, akwai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, har da asibitocinsu na koyarwa. Likitoci sun samu. Abin da ya rage shi ne sabo, da kuma sanin lokacin da ya kamata a kira su.

Ba ciwon ciki kaɗai ke jiran dokin ƙauye ba. Akwai wata annobar dawaki ta Afirka da wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, waɗanda ba su kai sauro girma ba, sun fi yawa da damina, suna cizo daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. Tana kumbura wa doki kai, ta cika masa huhu da ruwa, ba ta da magani in ta kama, amma tana da allurar rigakafi. Akwai ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, wanda ke shiga ta miki, ko ƙusa ta soki kofato ko sirdi ya yi gyambo, shi ma yana da rigakafi. Akwai tsutsar ciki da kaska, masu shan jini a hankali har doki ya rame ana zaton yunwa ce. Wa ya sani, watakila ramar da na gani a jikin Akawal maganin tsutsa take so, ba gero ba.

Mu mutanen bakin iyaka kuma muna da ƙarin dalilin yin hattara. A ƙarshen 2018 da farkon 2019 wata murar dawaki da jakuna ta ɓarke a Jihar Sakkwato da cikin Nijar, ta kashe jakuna masu ɗimbin yawa. Cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan ta nuna takarda. Dabbar da aka saya ran Lahadi tana iya kwana a turkenka da abin da ta ɗauko daga nesa. Saboda haka likitoci ke cewa a ware sabuwar dabba kamar mako biyu ko uku kafin a haɗa ta da na gida, kada su sha ruwa a mazubi ɗaya. Haka nan a guji sayen allura a tire cikin rana a tsira wa doki da ka.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ga inda maganar ta shafe mu. Duk abin nan da na lissafa yana cikin littattafai, amma da Turanci, a ɗakunan karatu. Kakana yana karanta ajami sarai, yana kuma sauraren rediyo kullum, amma bai taɓa cin karo da wannan bayani da harshensa ba sai a ranar da dokinsa ke mutuwa. Mene ne zai hana masu nazarin Hausa da masu koyon likitancin dabbobi su haɗa kai su fito da ɗan littafi mai shafi 20, da boko da ajami? Su kuma zauna da tsofaffin 'yan barga su rubuta sunayen da suke kiran cututtukan nan, domin likita da mai doki su riƙa jin maganar juna. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma sai wanda ya san hanyarsa zai yi shi.

Ran Sallar nan da ƙafa muka tafi idi ni da Kaka. A kan hanyar komowa na ce ya yafe mini. Ya daɗe bai amsa ba, sa'an nan ya ce, "Kai ka yi wauta irin ta yara, ni kuwa na yi taurin kai irin na tsohwahhi. Da munka ga abin, da kiran likita munka yi. Allah shi yahe muna baki ɗai."

Bai sake sayen doki ba har Allah ya karɓi ransa. Amma turken yana nan a gidanmu, ban yarda an tumɓuke shi ba. Ina da niyyar in Allah ya sa na gama karatu na sami abin yi, in ɗaure wani a wurin. Kafin in biya kuɗinsa kuwa, sai na fara sanin lambar wayar likita.